Bugun Cibiya a Hannun Tani

Duk wanda aka haifa a Tungar Ango cikin shekara ashirin da biyar ɗin nan, hannun Tani ya fara sani kafin ya san nonon uwarsa. Ba 'yan Tungar kaɗai ba, har da na ƙauyukan ƙetaren iyaka, ɓangaren Benin, inda ake zuwa a ɗauke ta a kabu-kabu. Jandarmomin bakin hanya sun daɗe da daina tambayarta takarda, don biyu daga cikinsu ita ta yanke wa 'ya'yansu cibiya. In sun hango farin mayafinta a bayan babur sai su ɗaga sandar shingen, su yi mata sannu da Dandanci, yaren yankin.

'Yar maƙera ce, daga Illo aka kawo ta aure. Tun tana ƙarama take zaune a gindin zugazugin ubanta, shi ya sa hannunta ya yi ƙarfi irin na maza. Ungozomanci kuwa a wurin gwaggonta ta gada, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Da aka gina ƙaramin asibiti a garin, sai aka ɗauke ta shara da wankin kayan aiki. A takarda dai mai shara ce, amma duk macen da ta shigo da ciki Tani take nema da ido.

Ba ta tsoron jini, ba ta tsoron maciji. Ta taɓa tsallake kogin Kwara a kwalekwale mai yoyo tana kwalfe ruwa da ƙwarya, tana yi wa matuƙin tsiya. Abu ɗaya ne ke kaɗa mata hanta, takarda. Ba ta yi boko ba, kuma shekara da shekaru tana zaune da fargabar ranar da wani mai biro zai zo ya ce aikin nan ba na irinta ba ne.

Saboda haka ranar da Malam Badamasi, incajin asibitin, ya tare ta da farar ambulan a hannu, tsintsiya ta kusa suɓuce mata.

"Inna Tani, an kira ki Bagudo. Bita ta, kwana ukku."

"Mi niy yi, Malam?"

"Ba ki yi komi ba. Ƙarin ilimi na, kan jinjirin da ya hito bai yi kuka ba."

Ita dai ba ta yarda ba. Ta ji ana cewa a irin wannan bita ake raba wa mutane takardar jarrabawa, wanda ya kasa a sallame shi. Ta ɗaure zannuwanta uku, ta yi sallama da maƙwabta kamar mai tafiya aikin hajji, ta hau babur har Bagudo.

Zauren da aka tara su yana da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Ma'aikatan jinya masu fararen kaya suka cika gaba, ungozomomi suka lafe a baya, Tani ta zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Mai koyarwar, Malama Hamdiyya, daga Birnin Kebbi ta zo, siririya mai tabarau, ba za ta girmi 'yar Tani ta fari ba. Ba ta raba takarda ba. Sai ta buɗe jaka ta fito da 'yar tsana baƙa, girman jariri, wadda aka cika da ruwan ɗumi har ta yi nauyin ɗan mutum, da igiyar cibiyarta da komai. Nan fa hankalin Tani ya dawo jikinta, bakinta ya buɗe. Ta ce da ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, "Ashe wasan 'yat tsana munka baro shinkahwarmu mu yi." Aka kwashe da dariya, har da malamar.

"To Inna, tunda ke kinka hwara magana, gaya muna. In jinjiri ya hito bai yi kuka ba, mi kike yi?"

Tani ta gyara mayafi, don an zo fagenta. Ta ce ai ba a taɓa jinjiri sai mabiyiya ta faɗo, haka aka gada, ko barka ba a yi kafin nan. Yana kwance a tabarma ana jira. In ta faɗo, sai a yanke cibiya, a watsa masa ruwan randa, a kaɗa tasa da ludayi a kusa da kunnensa, a riƙe ƙafafunsa a juya kansa ƙasa. In ya yi kuka, alhamdu lillahi. In bai yi ba, mai shi ya karɓi abinsa tun a ciki, sai a naɗe a miƙa wa maza. Duk tsofaffin da ke baya suka gyaɗa kai.

Malama Hamdiyya ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya, "Mabiyiya takan ɗauki lokaci nawa?"

"Wani sa'in kahin a dama kunu. Wani sa'in hal shinkahwa ta nuna."

"Shi kuwa jinjirin da bai numhwashi, minti guda gare shi. Zo nan, Inna, riƙe cibiyag ga."

Tani ta taso tana taƙama, ta kama igiyar robar da yatsu biyu, yadda ta saba. Malamar ta matsa wani abu a ƙarƙashin tebur, sai igiyar ta fara harbawa a hankali.

"Kin taɓa jin haka?"

"Sau nawa kuma? Jinin uwa na ka bugawa."

"A'a, Inna. Zuciyaj jinjiri ta. In cibiya na harbawa, shina da rai, ko bai motsi, ko ya yi shuɗi, ko ya yi laushi awa tsumma. Iska kawai shika jira."

Tani ba ta ji sauran bayanin ba. Fankar da ke juyawa ta ga tana nisa da ita.

Shekara biyu kafin wannan rana, an kawo 'yarta Munawwara gida goyon ciki daga gidan mijinta da ke ƙetaren iyaka. 'Yar fari ce, ko sunanta Tani ba ta faɗa, kuma a ƙa'ida ba uwa ce ke karɓar haihuwar 'yarta ba. Amma damina ce, ruwa ya yanke hanya, ba wata ungozoma sai ita. Yaron ya fito namiji, cikakke, da gashi kwance luf, bai yi kuka ba. Tani ta durƙusa tana jiran mabiyiya, igiyar cibiyar tana tsakanin yatsunta biyu, tana harbawa. Ta tuna sarai, don har ta ce a ranta yarinyar nan akwai ƙarfin jini. Ta daɗe tana harbawa, tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya. Da mabiyiya ta faɗo aka yi ruwan randa, aka yi tasa, shiru. Ta naɗe shi a zane, ta ce wa 'yarta, "Ki yi haƙuri, bai zo da rai ba." Kuma a lokacin gaskiyarta ta faɗa.

Ta saki igiyar robar, ta fita ba ta nemi izini ba. A bayan zauren, gindin wata bishiyar dogon yaro, ta amayar da kokon da ta sha da safe. Tsoron da ya kama ta ba irin na takarda ba ne, wannan ya fi shi nisa a ciki. Ta fara tuno ɗakuna, da tabarmi, da zannuwan da ta naɗe ta miƙa wa maza cikin shekara ashirin da biyar, sai ta hana kanta, don ta ga in ta ci gaba ba za ta iya tashi daga wurin ba. Tana niyyar bin bayan katanga ta nufi tasha sai ga Malama Hamdiyya da ruwa a leda.

"Inna, ba ke kaɗai ba ta. Duw wurin da nit tahi sai wata ta hito waje a daidai nan."

"Jikana na," in ji Tani. Ba ta taɓa zaton za ta gaya wa baƙuwa ba. "Da hannuna. Kuma uwatai na da ciki wata bakwai yanzu."

Malamar ta ce, "Wancan ba ki sani ba. Wanga kuwa kina da wata biyu. Taso mu koma."

Abin da aka koya musu ba shi da yawa. A goge jariri da busasshen zane, a yar da jiƙaƙƙen, a murza bayansa. In bai yi kuka ba, a kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓarsa, a kifa masa wata 'yar roba a hanci da baki, a riƙa matsa jakar iskar da ke haɗe da ita, ana kallon ƙirjinsa yana tashi. Ma'aikatan jinya suna ce wa jakar ambu, Tani kuwa tana ganinta ta ce zugazugi ce. Nan ne gadon gidansu ya cuce ta. Ta riƙa matsawa da ƙarfi da sauri kamar za ta narka ƙarfe, malamar tana cewa, "Sannu, Inna, huhun jinjiri na, ba garwashi ba. Hura, biyu, ukku. Hura, biyu, ukku." In ta sassauta kuma, sai robar ta goce, iska ta zurare ta gefe, ƙirjin 'yar tsanar ya ƙi tashi.

Akwai agogo a tebur mai ƙara in minti ya cika. Rana ta biyu sau huɗu yana kama ta tana lalube. Duk ƙarar da ya yi sai ta ga gashin nan kwance luf. 'Yan matan nan masu fararen kaya suka riga ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ana tashi cin abinci ita tana nan da 'yar tsana, shinkafarta na hucewa a roba. Sai rana ta uku da hantsi ƙirjin ya tashi kafin agogo ya yi kuka, ya sake tashi, ya sake. Aka tafa mata. Aka ba ta takardar shaida, ta riƙe ta a juye aka ɗauki hoto, aka kuma ba kowane asibiti jakar iska guda a kwali.

Da ta koma Tungar Ango, Malam Badamasi ya yi murna ƙwarai. Ya manna takardar a bango, ya buɗe kwalin ya duba, ya rufe, ya sa a kabad ya datse da kwaɗo.

"Malam, ai aiki anka ce a yi da ita."

"Kayan gwamnati na, Inna. In masu duba aiki sunka zo ba su gan ta ba, ni za a tambaya. Wadda ta zo haihuwa nan, sai a buɗe."

Mutumin kirki ne, amma ya san abin da Tani ta sani: matan Tungar ba a asibiti suke haihuwa ba. A ɗaki suke yi, bayan ƙyaure, kuma macen kirki a wurinsu ita ce wadda za ta ɓoye naƙuda ba a ji ko nishinta ba. Makullin kuwa yana aljihunsa, aljihun yana bin sa kasuwa da masallaci da Bagudo.

Da ciki ya shiga wata takwas aka sake kawo Munawwara gida, tunda na farin bai tsaya ba. Uwar mijinta, Dela, ta biyo ta, tsohuwa mai kaifin baki wadda ta ce wannan karon da idonta za ta gani. Tani ta kasa haɗa ido da 'yarta. In yarinyar ta miƙo mata tuwo sai ta karɓa tana kallon ƙasa. Tana tsoron ranar haihuwar, tana kuma tsoron wani abu bayan ranar, wato a ce yarinyar nan ta gane. Ta samu wani gora ta naɗe shi a zane, in ba kowa sai ta durƙusa a kansa tana matsa iska da hannu wofi, tana cewa hura, biyu, ukku, har wata maƙwabciya ta leƙo ta fara raɗa wa mutane cewa bitar Bagudo ta taɓa wa Tani kai.

Wata Juma'a Malam Badamasi ya cire rigarsa zai yi alwala, ya rataye ta a ƙofa. Tani, wadda ko allurar asibiti ba ta taɓa ɗauka ba, ta zare makullin, ta buɗe kabad, ta cire jakar, ta cusa tsummoki a kwalin don ya yi nauyi, ta mayar da komai. Ta fita da ita a ƙunshe cikin zane, gumi na bin bayanta. A gida ta sa ta cikin kwalla ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado tare da busassun zannuwa biyu da sabuwar reza. Daga ranar, duk sanda Malam ya nufi kabad sai numfashinta ya tsaya.

Ranar ta zo a tsakiyar yankan shinkafa, gari ya watse fadama. Munawwara ta tashi da naƙuda tun safe, ta yi shiru da bakinta, har da surfa gero. Tani ta dube ta da za ta fita, ta tambaya, yarinyar ta ce lafiya lau. Bayan azahar Tani na wanke almakashi a bayan asibiti sai ga maƙwabciyar nan da gudu ba mayafi.

"Tani, ki zo! Ta haihu, amma shiru!"

Ba ta san yadda ta isa gida ba, takalmi ɗaya ta bari a hanya. A ɗakin, Munawwara na durƙushe ta dafa gado, jaririya mace na kwance a tabarma, launinta kamar toka, hannuwanta a sake. Dela ta tsuguna a gefe, ta ajiye tasa da ludayi da moɗar ruwa, tana jiran mabiyiya yadda aka gada.

Tani ta zube a gwiwa ta kama cibiyar da yatsu biyu. Da farko ba ta ji komai ba. Ta danne numfashi. Can ta ji tana harbawa, a hankali, da nisa tsakanin bugu da bugu.

Ta jawo kwallar da ƙafa, murfin ya yi ƙara a ƙasa.

"Ke Tani, mi za ki yi? Mabiyiya ba ta hwaɗo ba! Kak ki taɓa ta!"

Tani ta kai hannu. Ta ɗauki jaririyar da cibiyarta a haɗe, ta goge ta, ta yar da zanen, ta murza bayanta. Shiru. Ta shimfiɗa ta a kan busasshen zane dab da gwiwar uwar, ta kifa robar, ta matsa. Ƙirjin bai tashi ba. Ta sake, bai tashi ba. Haɓa. An ce a ɗaga haɓa. Ta ɗaga da ɗan yatsa, ta gyara zaman robar, ta matsa a hankali, sai ɗan ƙirjin nan ya taso.

"Hura, biyu, ukku. Hura, biyu, ukku."

"Innalillahi! Gawa kika hura ma iska? Ki bar ta ta huta, ki ji tsoron Allah!" Dela ta kama mata kafaɗa.

"Sake ni, Dela, ko in karya miki hannu."

Dela ta sake ta. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai 'yar ƙarar jakar da muryar Tani da ta dushe. Ladan ya fara kiran la'asar. Yatsunta suka ƙage, gumi ya shiga idonta, ba ta da hannun sharewa. Tana matsawa tana roƙon Allah a zuci ba da wasu kalmomi masu tsari ba, kar a maimaita mata, kar a maimaita wa yarinyar nan. Ladan ya gama. Ta ga kamar tokar ta fara komawa ja a gefen leɓe, ta ce ko idonta ne. Sai jaririyar ta yi wata 'yar shaƙuwa, ta tanƙwashe ƙafa ɗaya. Tani ta ci gaba. Shaƙuwa ta biyu, ta uku, sa'an nan wani siririn kuka kamar na ɗan akuya, ya tsinke, ya dawo da ƙarfi.

Dela ta zauna daɓas a kan tasarta.

Mabiyiya ta faɗo daga baya, ba wanda ya kula da lokacin. Aka yanke cibiya, maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, mata suka fara dawowa daga fadama suna cika tsakar gida. Malam Badamasi ya zo da kansa ya duba uwa da 'ya. Da zai fita ya ga jakar a cikin kwano Tani ta wanke ta. Ya dube ta, ya dubi Tani, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran sallama daga aiki. Ya ce, "Kwalin dai ki bar min shi a kabad," ya sa takalminsa ya tafi.

Wannan duk bai sauke mata abin da ke ƙirjinta ba. Tun tana matsa jakar ta san Munawwara ta juyo da kai tana kallon hannunta, ba ta ƙifta ba.

Gab da magariba aka ɗora ruwan wankan jego, mata suka fita wajen murhu, ɗakin ya rage su biyu da jaririyar. Tani na tattara zannuwa, ta ba 'yarta baya.

"Inna."

"Na'am."

"Da kinka shigo, cibiya kinka hwara taɓawa. Mi kika nema?"

"Bugu. In tana harbawa, akwai rai."

Munawwara ta dubi jaririyar. A waje itace na ƙara a wuta, Dela na ba matan labari da ƙarfi, har ta fara sa kanta a cikin aikin.

"Na hwarin ma na ga kin riƙe tashi. Kin daɗe riƙe da ita." Muryar Munawwara ba ta rawa. "Ta harba?"

Ƙarya tana nan kusa, kalma ɗaya ce, kuma ba mai tona ta har abada. Tani ta juyo, ta dubi 'yarta a ido, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba.

"Ta harba."

Munawwara ta mayar da fuskarta bango. Wancan karon ba ta yi kuka ba, don an ce ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Yanzu ta yi shi, ba sauti, kafaɗunta kawai ke motsi, jaririyar na kwance a ƙirjinta tana tashi tana sauka tare da ita. Tani ta tsaya da jiƙaƙƙun zannuwa a hannu. Ba ta ce ban sani ba, ba ta ce ƙaddara ce ba, ko da yake duka biyun gaskiya ne. Ta jira duk abin da zai zo.

An daɗe. Har aka leƙo aka ce ruwa ya yi, aka koma. Sa'an nan Munawwara ta share fuska da gefen zane, ba ta dubi uwarta ba, ta ɗago jaririyar da hannu biyu.

"Riƙe ta, Inna. Hannuna ya gaji."

Tani ta zubar da zannuwan a ƙasa, ta goge tafinta a jikinta har sau biyu, ta miƙa hannu.